Mai Gyara Daban, Mai Awo Daban

Jawabin kwamitin ilmi a taron ƙungiya, Idi-Araba, Ikko, ta bakin ɗaya daga cikin dattawanmu 'yan kasuwa, mutumin ƙasar Shira

 

Jama'a, a zaman da ya wuce an ɗora wa kwamitinmu wani aiki. Ɗanmu ne, ɗan marigayi ɗan'uwanmu mutumin Yana, wanda ƙungiya ta tallafa wa har ya gama karatun injiniyan kayan asibiti a Jami'ar Ilori, ya kawo takarda yana neman a sake taimaka masa ya koma makaranta, ya yi digiri na biyu a wani fanni da ake kira fiziks na asibiti. Kun dai tuna yadda zauren nan ya ɗauki hayaniya ranar. Wani dattijo ya ce, shin karatun nan ba ya ƙarewa ne? Wani ya ce yaro ya yi shekara biyar yana koyon sana'a, ya yi bautar ƙasa, har wani kamfanin sayar da kayan asibiti ya yi masa tayin aiki, sai kuma ya ce ba ita yake so ba, alhali ga uwa da ƙanne suna zuba ido. Ba mu ga laifin masu faɗin haka ba, domin mu kanmu haka muka ɗauka da farko. Aka ce mu je mu bincika. Mun zauna da yaron sau uku, mun tambayi waɗanda suka fi mu sani, ga kuma abin da muka samo. Iyakar karatunmu dai allo ne da Islamiyya, saboda haka za mu faɗa ne da bakin kasuwa, wanda ya fi mu boko a cikinku ya yi mana gyara.

Abin da ya riga ya koya, a taƙaice, shi ne sanin cikin na'urorin asibiti: na'urar ɗaukar hoton ƙashi, kwalbar da ake sa jariri bakwaini, injin wankin ƙoda, na'urar iskar numfashi, da makamantansu. Ya san yadda ake ƙera su, da yadda ake kafa su, da abin da ke kashe su, da yadda ake tayar da su. Wannan sana'a ce babba, kada wani ya raina ta. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti aka ce masa inji ya lalace ya san darajar mai gyara.

To amma akwai wata na'ura guda da gyara kaɗai ba ya wadatar da ita, ita ce na'urar gashin ciwon daji. A nan ne maganar take, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Asalin abin, wani Bajamushe ne mai suna Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 cewa akwai wani irin haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa tsoka ya fito da hoton ƙashi. Ba a daɗe ba aka lura cewa hasken nan in ya yi yawa yana ƙona jiki, sai likitoci suka ce to bari a juya shi a kan ƙarin sankara ya ƙona shi. Yau ɗin nan, a lissafin masana, kusan rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Ba kuwa sau ɗaya ake yi a tashi ba. Galibi ana raba shi ne kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako, har mako biyar ko shida ko bakwai, domin lafiyayyen naman da ke kewaye ya riƙa samun sararin farfaɗowa. Hasken nan ba shi da wari, ba shi da launi, mara lafiya ba ya jin komai lokacin da yake shigarsa. In an ba shi ƙasa da ƙima, ciwon ya lafa ya dawo. In an zarce, a ƙona hanji ko huhu ko laka, ɓarnar kuma ba za ta bayyana ba sai bayan makonni ko watanni. Ratar da masana suka yarda da ita tsakanin abin da likita ya rubuta da abin da ya shiga jiki ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Ku 'yan hatsi, ku za ku fi kowa gane wannan. Maƙeri shi ke ƙera mudu, in ya lotsa shi ke buga shi ya miƙe. Amma ba maƙeri ne ke tsayawa a kasuwa ya tabbatar cewa mudun nan cikakke ne ba. A hatsi ma ke nan, inda mai saye yana ganin abin da aka auna masa, in bai yarda ba ya sake aunawa a gida. Yaya kuma abin da ba mai iya gani, ba kuma a iya mayar da shi in ya shiga? Likita shi ke cewa a ba wannan ƙari kaza. Injiniya shi ke tabbatar da inji yana tashi yana juyawa. Masanin fiziks na asibiti shi ne mai awo. Shi ke kawo akwatin ruwa ya ajiye a ƙarƙashin injin, saboda ruwa yana shan hasken kusan yadda jikin mutum ke sha, ya zura ma'auni a ciki ya karanta abin da injin ke fitarwa a zahiri, ba abin da ya ce yana fitarwa ba. Shi ke zama da hoton mara lafiya a kwamfuta ya tsara ta inda hasken zai shiga da inda zai kauce wa. Shi ke lissafa kaurin bangon ɗakin domin kada hasken ya tsallaka ya sami nas ko mai shara. Kuma in an kafa sabon inji, ko an canja masa wani babban sashe, ba a kwantar da mutum a ƙarƙashinsa sai shi ya auna ya sa hannu.

Yaron ya ba mu wani misali da ya zauna mana. Tsofaffin injinan gashi, irin waɗanda aka fara amfani da su a Kanada a 1951, wani ƙarfe ne a cikinsu da ake kira kobal, shi ke fitar da hasken da kansa dare da rana. Ƙarfin ƙarfen nan raguwa yake yi a hankali, wajen kashi ɗaya cikin ɗari kowane wata, in an yi shekara biyar da 'yan watanni sai ya koma rabi. Inji lafiya lau, fitila tana kamawa, mota tana juyawa, amma minti biyun bana ba minti biyun bara ba ne. Wanda bai bi lissafin nan ba, sai ya yi ta ba mutane tauyayyen mudu yana ganin daidai yake yi. Sababbin injinan kuwa, masu aiki da lantarki da ake kira linak, ba su da wannan ƙarfe, amma su ma awonsu yakan goce, shi ya sa ake duba su kowace safiya kafin mutum na farko ya shiga, a sake dubawa mai zurfi wata-wata da shekara-shekara.

Kada ku ce tsoratarwa ce. A ƙasar Panama, tsakanin 2000 da 2001, masu ciwon daji 28 aka ba hasken da ya wuce ƙima, wasunsu suka rasu a dalilin haka. Da aka bincika, injin ba abin da ya same shi. Kuskuren yana wajen yadda aka shigar da bayani a kwamfutar da ke lissafa lokacin gashin, ba a kuma sake bin lissafin da hannu ba. Da za a tara injiniyoyin duniya su kwance injin nan su ɗaure, ba za su ga aibu ba.

Akwai kuma wani labari da muke so 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan su buɗe kunne su ji, ko da ba su ba da ko kwabo a wannan gidauniya ba. A watan Satumba na 1987, a garin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu suka shiga kangon wani asibiti da aka tashi aka bari, suka ciro kan tsohon injin gashi, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da aka fasa, sai ga wani gari yana ƙyalli shuɗi a cikin duhu. Maigidan ya kai gida, 'yan'uwa da maƙwabta suka yi ta kallo suna shafawa. Mutane suka fara amai da gudawa, aka ɗauka abinci ne. Matar mai gwangwan ɗin ce ta yi zargin ƙarfen, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya. Wanda ya gane ko mene ne, wani masanin fiziks ne da ya aro ma'auni ya zo, tun daga nesa ma'aunin ya cika ya tumbatsa. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da matar nan da yarinya 'yar shekara shida. Sai da aka auna mutum kusan 112,000, aka sami 249 da abin ya taɓa. Saboda haka duk wanda aka kawo masa ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, da tambari mai kama da farfelar fanka mai kunne uku a kan rawaya, kada ya sa guduma, kada ya kai gida. A nisance shi, a kai rahoto. Akwai hukumar tarayya mai kula da sha'anin nukiliya da irin wannan haske, an yi dokarta a 1995, ta fara aiki a 2001, ita ke da alhakin irin waɗannan kaya. Wannan ratse ne, mu koma kan ɗanmu.

Me ya sa shi, yana da sana'a a hannu, ya kwallafa rai a kan awo? Ya ce mana abin ya faro ne daga wata 'yar'uwarmu ta wajen Disina, wadda da yawanku kun san ta domin a ɗakin ɗaya daga cikinmu ta sauka. An gano tana da ciwon mama, aka yi mata aiki, aka ce saura gashi. Aka tura ta wani asibiti mai nisa, ba za mu kama suna ba. Suka sayar da tumaki da ɗan abin da aka noma, suka je, aka ce inji ya lalace. Suka koma gida. Bayan wata biyu aka ce an gyara, suka sake haɗa kuɗin mota, da suka isa aka ce ai gyara kam an yi, amma ana jiran wanda zai zo ya auna kafin a fara. Yaron ne ya raka su a tafiya ta biyu. Ya ce ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon injin da ya san sunan kowane sashe nasa, wuta tana ciki, ba abin da ya rage sai mutum ɗaya, kuma duk karatunsa na shekara biyar bai ba shi ikon zama mutumin nan ba. Daga ƙarshe nan Ikko aka kawo ta, ciwon ya riga ya yi nisa. Allah ya jiƙanta.

Mu mazauna Idi-Araba muna da wani gata da sabo ya sa ba ma ganinsa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da muke wucewa ta ƙofarsa kullum, nan ne aka fara gashin ciwon daji a Nijeriya, an kafa injin kobal a cikinsa tun farkon shekarun 1970, kuma a watan Fabrairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a wurin. Mu da ƙafa za mu taka. Mutumin Shira ko Faggo ko Tsafi fa? Shekara da shekaru, in an ce gashi, sai dai ya nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ya nemi wurin kwana na mako shida a garin da bai san kowa ba, da mai jinya, da abinci, ga gona an bari. Maƙwabtanmu na Nijar sai a 2021 suka buɗe cibiyar gashinsu ta farko a Yamai. A shekarar nan ta 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa jami'ar kimiyyar lafiya a Azare, kusa da babban asibitin tarayya da ke can. Ba mu ce an yi mana alkawarin injin gashi a Azare ba, kada wani ya fita ya ce kwamiti ya faɗa. Abin da muke cewa shi ne, inda aka kafa makarantar likitoci, hoto da awo suna biyo baya, ko na'urar hoton ƙashi da ta siti ma suna bukatar mai duba yawan hasken da suke zuba wa mutane, balle yara da mata masu ciki. Inji kuɗi ke sayo shi, jirgi ya kawo shi cikin 'yan watanni. Mai awo kuwa ba a sayo shi a kanti, shekaru ake yi ana dafa shi.

Yanzu ga ɓangaren da ba shi da daɗi, domin ba mu zo mu yi muku tallan kaya mu ɓoye tsagar ba.

Hanyar doguwa ce. Digiri na biyu zai ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, in ba a yi yajin aiki ba. Bayan nan, a tsarin da hukumar nukiliya ta duniya ta shimfiɗa, sai mutum ya ƙara aƙalla shekara biyu yana koyon aiki a asibiti a ƙarƙashin gwani kafin a sakar masa inji shi kaɗai. Wato dai shekara uku da rabi zuwa huɗu ne a ƙalla uwarsa za ta ƙara haƙuri. Mun je mun same ta, ba mu aika ba. Ta ce in dai abin zai amfani mutane, ta yafe albashin. Amma mu mun san yafewar uwa ba ta biyan kuɗin makarantar ƙanne, wannan nauyi ne da zai faɗo kanmu ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba.

Sannan ba da takardar injiniya kawai ake faɗawa fannin ba. An gina karatun ne domin waɗanda suka yi digirin farko a fiziks. Shi yana da lantarki, yana da lissafi, yana da kwamfuta, ya kuma san sassan jikin mutum daidai gwargwado, a nan ya fi 'yan fiziks ɗin ma. Amma ilmin ƙwayar zarra, da yadda haske ke rabuwa da ƙarfinsa in ya shiga nama ko ƙashi, wannan sama-sama aka ba su. Ya faɗa mana da bakinsa cewa akwai giɓi, kuma mai yiwuwa a ce sai ya yi karatun share fage tukuna. A Amurka ma haka dokar take, injiniya ba ya shiga sai ya cike darussan fiziks da suka rage masa. Wannan amsa tasa ita ta fi kwantar mana da hankali. Yaron da ya ce ya san komai, shi muke tsoron ba wa jari.

Wuraren karatun kuwa akwai su. Ana yi a nan Jami'ar Legas, ana yi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. A Gana akwai makarantar kimiyyar nukiliya ta Jami'ar Gana, a gefen Akara, wadda aka kafa a 2006. A garin Tiriyeste na Italiya akwai wani shiri na shekara biyu da aka fara a 2014 musamman domin 'yan ƙasashe masu tasowa, shekara ɗaya a aji, shekara ɗaya a asibiti, sai dai masu nema suna da yawa, gurbi kaɗan. Shawararmu ita ce ya fara nema a nan kusa, inda zai kwana a ɗakinmu ya ci tuwonmu, kuɗin ya ragu da yawa, ya kuma jefa takarda can waje ko Allah zai sa a dace.

Wani malami a cikinmu ya tambaya, to shekara biyar ɗin farko ta tafi a banza ke nan? Ba ta tafi ba. Na'urar siti da ake sa mutum a ciki a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, mutum biyu aka ba kyautar Nobel a kanta a 1979. Ɗaya Godfrey Hounsfield, injiniyan lantarki ne a Ingila, shi ya ƙera ta. Ɗayan Allan Cormack, masanin fiziks ne haifaffen Afirka ta Kudu, wanda tunanin lissafin ya zo masa lokacin da yake taimaka wa wani asibiti da aikin awon haske. Sana'o'in biyu wa da ƙane ne. A ƙasa irin tamu kuwa, inda in inji ya tsaya sai a jira wani ya taso daga wata uwa duniya, mai awon da ya san cikin inji zai iya bambance ƙaramar matsala da babba tun kafin a buga waya. Mu a kasuwa mun san direban da ya taɓa zaman gareji ba ya kwana a daji saboda fyus.

Saura magana ɗaya, wadda kowa ke yi a waje ba ya yi a zaure: in ya gama ya tsere fa? Gaskiya ne masu wannan ilmi ana nemansu a Saudiyya da Ingila da sauran wurare, albashin can kuma ba a haɗa shi da na nan. Ba mu da igiyar da za mu ɗaure ɗan mutum da ita, kuma mun ga waɗanda aka yi wa hidima suka tafi ko sallama babu. Mun faɗa masa haka ido da ido, a gaban kawunsa. Abin da muka daidaita a kai, in zaure ya amince, shi ne rabin abin da za a ba shi kyauta ne, rabi bashi ne ba ruwa, zai fara biya daga albashinsa na farko a zuba a asusun ilmi domin na bayansa. In ya yi aiki shekara biyar a wani asibiti a Arewa bayan ya ƙware, an yafe bashin. In ya zaɓi waje, ya biya duka, ba faɗa ba gaba. Za a rubuta, shi da kawunsa su sa hannu, Sarki da liman su shaida. Kuma kowane zangon karatu zai kawo wa kwamiti sakamakonsa, ba labari ba, takarda.

Mutum biyu a kwamiti ba su gamsu ba, suna ganin da kuɗin nan gara a raba wa yara biyar 'yan sakandare. Hujjarsu tana da ƙarfi, mun kuma yi musu alkawarin za a ba su dama su faɗa da bakinsu kafin a ɗaga hannu. Sauranmu mun tsaya a kan a taimaka masa.

Ma'aji zai karanta muku adadin da ake nema na shekarar farko da abin da ke cikin asusu yanzu. Littafin alkawari yana wajen sakatare, na mata kuma yana wajen shugabar mata. Yaron yana bakin ƙofa, duk mai tambayar da ta fi ƙarfinmu a kira shi ya shigo ya amsa.